Daga gona zuwa lantarki: tarihin makamashi da iskar ɗumama yanayi a tashoshin tace ruwan ƙazanta (1858-2024)

1. Gabatarwa

Wannan takarda ta samo asali daga wani aikin ƙirƙiro kalmomi da muke yi tare da ɗalibai, inda muka ci karo da abin da Faransawa ke kira station d'épuration. Shawarar farko ita ce mu ce "tashar tsarkake ruwa", sai wasu suka lura cewa tsarki yana da nauyin addini a Hausa, kuma ba mai yin alwala da ruwan da ke fita daga irin wannan tasha. Daga ƙarshe muka tsaya bisa "tashar tace ruwan ƙazanta". Kalmar tacewa tana da wata fa'ida da ba mu lura da ita ba da farko: duk matar da ta tace ƙullu ta san dusa tana nan cikin rariya, kuma dole a san inda za a kai ta.

Tambayar ke nan da za mu bi cikin tarihi: ina dusar take zuwa? Za mu nuna cewa a cikin shekara 160 da ƴan kai, kowane zamani ya ɗauke ƙazanta daga wurin da ake aunata ya kai ta wurin da ba a fara aunawa ba, watau daga titi zuwa kogi, daga kogi zuwa gona, daga gona zuwa takardar kuɗin lantarki, daga nan zuwa sararin sama. Ƙoƙarin da ake yi yau na rage cin makamashi da fitar da iskar ɗumama yanayi a waɗannan tashoshi shi ne babin ƙarshe na wannan ƙaura. Labarin na Turai ne mafi yawa, domin can aka ƙera dabarun, amma a ƙarshe za mu duba abin da ya shafi garuruwanmu, waɗanda zaɓi yake gabansu har yanzu.

2. Daga titi zuwa kogi, daga kogi zuwa gona

A ƙarni na 19 manyan biranen Turai sun yi ta fama da annobar amai da zawo. Ta shekarar 1832 kaɗai ta kashe mutum fiye da dubu 18 a Pari. A Landan, yaɗuwar makewayi mai ruwa ta sa najasa tana bin magudanu tana zuba kai tsaye cikin kogin Tamis. A lokacin zafin shekara ta 1858 ruwan kogin ya ja baya, wari ya addabi ƴan majalisa cikin zaurensu da ke bakin ruwa, sai cikin ƴan makonni suka amince da aikin injiniya Joseph Bazalgette. Manyan magudanun da ya gina suna tare ruwan ƙazanta su kai shi gabas da birni, a Beckton da Crossness, inda ake sakinsa cikin kogi ba tare da an tace ba. A nan ne makamashi ya fara shiga labarin, sabili da injunan tururi masu cin gawayin ƙasa ne ke ɗaga ruwan. Birni ya huta, ƙasan kogi ya karɓi kayan. A 1878 jirgin ruwan fasinja Princess Alice ya nutse kusa da wuraren zubar, mutum fiye da 600 suka mutu, hankalin jama'a ya koma kan ruwan da suka nutse ciki. Bayan haka aka fara kwantar da taɓo ana loda shi cikin jirage ana zubarwa a teku, al'adar da ba a daina ba sai 1998.

Pari ta bi wata hanya. Magudanun Eugène Belgrand sun ɓata kogin Sen daga Clichy zuwa ƙasa, sai tun daga 1869 aka fara malala ruwan cikin gonakin Gennevilliers. Dokar 1894 ta tilasta wa masu gidaje su haɗa makewayinsu da magudanun birni, a 1895 kuma aka buɗe gonakin Achères. A farkon ƙarni na 20 filayen sun kai wajen hekta dubu 5; na Berlin sun kai wajen dubu 10 daga baya. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya san yadda jakuna ke fitar da taki daga birnin Kano zuwa gonakin kewaye. Ƙasa da rana da tsirrai ne ke yin aikin, makamashin da ake saye na famfo ne kawai. Tsadar tsarin ita ce fili, kuma yana da bashin da ba a gani ba sai daga baya: ƙarafa masu guba daga masana'antu sun taru cikin ƙasar Pierrelaye har aka hana noman kayan lambu a wurin a wajen shekara ta 2000.

3. Ma'aunin 1912 da rayayyen taɓo na 1914

Birane suna girma, fili kusa da su yana tsada, don haka aka shiga neman hanyar yin aikin gona cikin kwandon siminti. Abu biyu suka yanke hukunci, duka a Ingila.

Na farko ma'auni ne. A rahotonsa na takwas, a 1912, kwamitin sarauta mai binciken ruwan ƙazanta ya ba da shawarar a riƙa auna yawan oksijen da bakteri ke ci cikin kwana 5 wajen ruɓar da ƙazantar lita ɗaya ta ruwa. Shi ne ma'aunin da littattafanmu na Faransanci ke rubutawa DBO5. An zaɓi kwana 5 da zafin digiri 18,3 bisa la'akari da kogunan Ingila, waɗanda gajeru ne masu sanyi. Kwamitin ya ce ruwan da za a saki kada ya wuce miligiram 20 a lita bisa wannan ma'auni, da miligiram 30 na daskararrun abubuwa masu yawo cikin ruwa. Daga ranar, tasha mai kyau ita ce wadda ruwanta ya cika wannan sharaɗi. Ba a tambayi abin da ta ci ko abin da ta fitar cikin iska ba.

Na biyu dabara ce. A watan Afrilu na 1914, a Mancesta, Edward Ardern da William Lockett suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi a tashar Davyhulme. An daɗe da sanin cewa hura iska cikin ruwan ƙazanta yana tsabtace shi, amma aikin yana ɗaukar makonni. Su sai suka riƙa ajiye taɓon da ya kwanta suna mayar da shi cikin sabon ruwa, kamar yadda mai nono ke barin ɗan tsohon kindirmo cikin ƙwarya. Taɓon cike yake da bakteri masu yunwa, sai aikin makonni ya koma na ƙasa da kwana ɗaya. Faransawa suna ce masa boues activées. Mu mun zaɓi "rayayyen taɓo". Dabarar ta yaɗu da sauri: Worcester a 1916, Milwaukee ta Amurka a 1925, Achères kanta a 1940, a kan filin da aka yi noma da ruwan ƙazanta.

Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne musayar da aka yi. Oksijen da iska da ƙasa ke bayarwa kyauta a gona, yanzu injin ne ke tura shi cikin ruwa dare da rana. Har yau, a tasha irin wannan, hura iska kaɗai yakan cinye wajen rabin lantarkin tashar ko fiye. An sayar da hekta an sayi kilowat, kuma inda ake samar da lantarkin da gawayin ƙasa, wani sashe na ƙazantar kogi ya koma hayaƙi a wani gari dabam.

4. Gaz ɗin taɓo

Rayayyen taɓo yana haihuwar taɓo mai yawa, kuma taɓo yana ɗauke da makamashi. Wannan sani ya girmi dabarar 1914. Tun 1776 Alessandro Volta ya tara gaz mai kama wuta daga fadamun tafkin Maggiore, shi ne metan, wanda wasu bakteri ke fitarwa idan suna ruɓar da abu inda babu oksijen. A 1881 Louis Mouras ya yi rajistar rufaffen raminsa a Faransa. A 1895 Donald Cameron ya gina irinsa a Exeter, aka yi amfani da gaz ɗin wajen kunna fitilu. A farkon ƙarni na 20 Karl Imhoff, a yankin Ruhr na Jamus, ya ƙera kwando mai hawa biyu, ruwa yana kwanciya a sama, taɓo yana ruɓewa a ƙasa. A shekarun 1920 aka ware wa ruɓarwa rumbunta na kanta, ana ɗumama shi zuwa wajen digiri 35, zafin da bakterin suka fi so. Gaz ɗin da ke fita kusan 60 zuwa 65 bisa 100 metan ne. Birmingham ta tuƙa injuna da shi a waɗannan shekaru, biranen Jamus kuma sun matsa shi cikin kwalabe suka zuba wa motoci a shekarun 1930 da lokacin yaƙin duniya na biyu.

Ashe tunanin tasha mai ciyar da kanta ya kusa shekara 100. Abin da ya danne shi arhar man fetur ce bayan 1950. Tashoshi da yawa suka koma ɗumama rumbu kawai da gaz ɗin, su ƙone ragowar a banza bisa bakin bututu, domin sayen lantarki ya fi kula da injin sauƙi. Sai da farashin mai ya yi tsalle a 1973 aka sake waiwayar injunan da ke ba da lantarki da zafi a lokaci guda.

5. Azot ya ƙara nauyi

A daidai lokacin ne sabon ma'auni ya shigo. An lura cewa ruwan da ya cika sharaɗin 1912 yana iya kashe tafki, sabili da azot da fosfor ɗin da ke cikinsa taki ne ga gansakuka. Idan ta yi yawa ta mutu, ruɓewarta tana shanye oksijen kifi. (Abin da muke kira azot, maƙwabtanmu na Nijeriya nitrojin suke ce masa.) A shekarun 1970 James Barnard ya tsara, a Afirka ta Kudu, hanyar cire su da bakteri, kuma umarnin Tarayyar Turai na 21 ga Mayu 1991 ya wajabta cire su a yankuna masu rauni.

Cire azot mataki biyu ne. A na farko bakteri suna mayar da amoniyak, wanda mafi yawansa daga fitsari yake, ya zama nitrat, kuma kowane giram na azot yana buƙatar wajen giram 4,6 na oksijen. A na biyu ana hana iska, wasu bakteri su mayar da nitrat ya zama iskar azot marar illa, amma suna buƙatar abinci mai karbon. Mataki na farko ya ƙara kuɗin lantarki. Na biyu ya cinye karbon ɗin da zai je rumbu ya zama gaz, har wasu tashoshi suna sayen metanol don ciyar da bakterin. Kogi da teku sun amfana, lissafin makamashi ya lalace ta fuska biyu.

6. Lokacin da aka fara auna iska

Kwamitin masana yanayi na duniya, GIEC, an kafa shi a 1988, yarjejeniyar Kyoto ta 1997 kuma ta sa metan da iskar N2O cikin jerin waɗanda ƙasashe za su riƙa lissafawa. Bisa rahoton GIEC na 2021, cikin shekara 100, kilo ɗaya na metan yana ɗumama yanayi kamar kilo 27 zuwa 30 na iskar karbon, kilo ɗaya na N2O kuwa kamar kilo 273.

Da wannan ma'auni sai tashar ta bayyana da mashiga uku. Akwai hayaƙin lantarkin da take saye. Akwai metan da ke tsiyaya daga magudanu, da rumbunan ruɓarwa, da buɗaɗɗun wuraren ajiye taɓo. Akwai kuma N2O, wanda ke fita daga matakan cire azot ɗin nan biyu idan aikin bai kammala ba, musamman idan oksijen ya yi ƙaranci a mataki na farko ko amoniyak ya shigo da yawa a lokaci guda. An daɗe ana raina na ukun. Jagoran lissafi na GIEC na 2006 ya ɗauke shi giram 3,2 ga kowane mutum a shekara. Gyaran 2019, bayan aune-aune a tashoshi, ya maido shi 1,6 bisa 100 na azot ɗin da ke shiga tasha, wanda ya ninka tsohon adadi sau da yawa. A ƙasar da lantarkinta ya fito daga iska ko ruwa, N2O yakan zama babban kaso na illar tashar.

A nan akwai tarko. Hanya mafi sauƙi ta rage kuɗin lantarki ita ce rage hura iska, kuma rage hura iska ba tare da lura ba yana ƙara N2O. Shugaban tasha zai iya nuna takardar kuɗi da ta ragu alhali illar tasharsa ga yanayi ta ƙaru. Ma'aunin makamashi da ma'aunin iska ba kullum suke tafiya tare ba, shi ya sa ake sa na'urori masu auna amoniyak da oksijen da N2O cikin kwandon kansa, su riƙa daidaita injin minti bisa minti.

7. Tashoshi masu ciyar da kansu

Mafita ɗaya ta fito daga nazarin ƙananan halittu. A 1977 Engelbert Broda ya yi hasashen cewa dole akwai bakterin da ke cire amoniyak ba da oksijen ba. An gano su a wata tashar gwaji a Delft ta Holand, aka buga sakamakon a 1995, aka sa wa hanyar suna anamoks, kuma a 2002 aka gina babban kwandon farko a Rotterdam. Hanyar tana rage buƙatar oksijen da wajen 60 bisa 100, kuma ba ta cin karbon. Ta fi dacewa da ruwan da aka matse daga ruɓaɓɓen taɓo, mai ɗumi kuma mai yawan amoniyak, ko da yake shi ma wannan kwando sai an sa ido kan N2O ɗinsa.

Tashar Strass, a tsaunukan Ostiriya, ta haɗa dabarun: ta kama karbon tun a matakin farko ta aika da shi rumbu, ta cire azot ɗin ruwan taɓo da anamoks, ta daidaita hura iska da na'ura, ta sabunta injin gaz. A 2005 lantarkin da take samarwa ya zarce wanda take ci. Tashar Marselisborg ta birnin Aarhus, a Danmak, ta kai wannan matsayi a shekarun 2010. Doka ta biyo baya: sabon umarnin Tarayyar Turai na Nuwamba 2024 ya ce kafin ƙarshen 2045, a kowace ƙasa, tashoshin da ke ɗaukar nauyin mutum dubu 10 ko fiye su samar da makamashi mai sabuntuwa daidai da wanda suke ci, kuma a riƙa bin diddigin iskar da suke fitarwa. Mai karatu zai lura cewa, in ban da anamoks da na'urorin awo, kayan aikin na zamanin Imhoff ne. Ma'auni ne ya sauya.

8. Ƙasashe masu zafi, da abin da ya shafe mu

Mafi yawan dabarun da muka ambata an ƙera su ne inda ake da sanyi, fili yake da tsada, lantarki kuma ba ya yankewa. Halinmu kishiyar haka ne. Zafin da Bajamushe ke ƙona gaz don ya samu cikin rumbunsa, mu rana ke ba mu shi a mafi yawan shekara. Wannan ya sa ƙasashe masu zafi suka bi hanyoyi biyu. Ta farko ita ce kwandon da Gatze Lettinga ya ƙera a Holand a shekarun 1970, inda ruwa ke hawa ta cikin bargon taɓo ba tare da hura iska ba. An yi amfani da shi ga ruwan gari a Kolombiya, da Indiya, da Birazil tun daga shekarun 1980. Ta biyu ita ce jerin tafkuna, inda gansakuka ke samar da oksijen da hasken rana, kamar na Kossodo a Wagadugu da aka buɗe a 2004. Dakar kuwa ta ɗauki rayayyen taɓo a Cambérène tun ƙarshen shekarun 1980.

Ba wadda ta kuɓuta daga tambayar dusa. Tafkin farko, mai zurfi marar oksijen, rumbun ruɓarwa ne buɗaɗɗe, metan ɗinsa yana tafiya sama in ba a rufe shi da shimfiɗa an tara gaz ba. Kwandon Lettinga yana sakin wani sashe na metan narke cikin ruwan da ke fita. Rayayyen taɓo kuwa, idan wuta ta ɗauke na tsawon lokaci, bakterinsa suna shaƙewa, tasha ta koma kududdufi mai tsada. Wannan ba hasashe ba ne a ƙasar da ke sayen wajen 70 bisa 100 na lantarkinta daga Nijeriya kafin 2023, kuma ta ga an yanke shi a watan Agusta na wannan shekara har zuwa farkon 2024.

A Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, har da mafi yawan unguwannin Yamai, babu magudanun najasa irin na Turai. Salga da rufaffen rami ne ke aikin, motocin kwashewa ko masu shebur su ɗauke idan ya cika. Waɗannan ramuka ma suna fitar da metan, musamman idan ruwa ya kwanta cikinsu. Ke nan tambayarmu ta fara ne daga taɓon salga: sau nawa ake kwashe shi, ina ake kai shi, busarwa za a yi a rana ko ruɓarwa cikin rufaffen rumbu, kuma wa zai karɓi takin da ruwan. A gari mai ƙishi kamar Damagaram, ruwan da aka tace yana da mai jira, kuma azot ɗin da Turai ke kashe lantarki ta kore shi sama, manomin lambu saye yake yi cikin buhu.

9. Kammalawa

Mun ga cewa a kowane mataki dabarar da ta yi nasara ita ce wadda ta amsa ma'aunin zamaninta: wari a 1858, oksijen a 1912, azot a 1991, kilowat da iskar ɗumama yanayi a 2024. Kowane ma'auni ya gyara abin da ya auna ya tura ragowar gaba. Garin da zai gina tasha yau yana da damar ɗora ma'aunan duka tun kafin a haƙa tushe, ya ƙara da waɗanda suka dace da shi, kamar awa nawa tashar za ta jure ba wuta, da kuma nawa ma'aikatar magajin gari za ta biya kowane wata bayan mai ba da tallafi ya tafi.

A nan ne aikin sashenmu ya shigo. Ƴan majalisar gari, da masu unguwa, da masu kwashe salga, da manoman lambu, da Hausa suke shawara, alhali takardun aikin da Faransanci suke zuwa. Kalmomin da muka gwada a nan, watau rayayyen taɓo, rumbun ruɓarwa, gaz ɗin taɓo da iskar ɗumama yanayi, shawarwari ne, kuma muna roƙon abokan aiki na sassan kimiyya da masu sana'ar su gwada su a bakin aiki, su gaya mana waɗanda suka zauna da waɗanda ke buƙatar gyara.